Ƙananan lezojin da ke karɓar haske su sauya masa zango zuwa infirared

Leza na'ura ce mai fitar da siririn haske mai launi ɗaya. Kowace leza ta yau da kullum da aka yi da semikondakta, wato irin sinadaran da ake ƙera kayan lantarki da su, tana zuwa da launinta, kuma sinadarin da aka gina ta da shi ne ke yanke wannan launi, ba son ran mai ƙira ba. A cikin irin waɗannan sinadarai elektiron yana da matakai biyu na makamashi, na sama da na ƙasa, tsakaninsu kuma akwai giɓin da ba ya iya zama a cikinsa. Idan wutar lantarki ta ɗaga shi sama ya faɗo, rarar makamashin sai ta fita a matsayin ƙwayar haske guda, wadda ake kira foton. Faɗin giɓin shi ne launin hasken. Ana auna launi da tsawon zangon igiyar hasken. Galiyam asenaid yana ba da haske mai tsawon zangon kusan nanomita 870 (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita). Gaurayen da ake ginawa a kan indiyam fosfaid su ne ke ba da nanomita 1310 da 1550, waɗanda saƙonnin intanet ke tafiya a kansu cikin zaren gilashi. Duk mai son wani zango dabam, dole ya nemo wani sinadari dabam, ya koyi renon kiristal ɗinsa ba tare da aibi ba, aikin da kan cinye shekaru.

Inda abin ya fi ciwo shi ne can cikin infirared. Idon mutum yana gani daga kusan nanomita 400 zuwa 700. Bayan ja akwai hasken da William Herschel ya gano a shekarar 1800, lokacin da ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan bakan da gilashi ya raba, ya ga ma'aunin ya hau alhali ido bai ga komai a wurin ba. Idan aka nutsa cikin wannan yanki, daga kusan maikiromita 3 zuwa 12 (maikiromita ɗaya nanomita dubu ce), sai a isa inda kusan kowane iskar gas ke bayyana kansa. Ƙwayoyin da suka haɗu suka yi gas suna girgiza da saurin da ya keɓanta da su, kuma suna shanye hasken da saurinsa ya yi daidai da nasu. Metan yana sha a wajen maikiromita 3.3, kabon dayokzaid a 4.3, kabon monokzaid a 4.6, ozon a 9.6. Wanda ke da ƙaramar leza mai tsaftataccen haske a daidai ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da na'urar da za ta gano yoyon gas a bututu, ta auna gurɓacewar iska, ko ta duba numfashin majinyaci. Sai dai haske mai dogon zango yana buƙatar ƙaramin giɓi, shi kuma ƙaramin giɓi ba ya jure zafi: elektiron kan miƙa makamashinsa ga wani elektiron maimakon ya fitar da haske. Shi ya sa tsofaffin lezojin wannan yanki, waɗanda ake yi da gishirin dalma, sai an sanyaya su matuƙa kafin su yi aiki.

Ga kuma silikon, sinadarin da duk masana'antar kwamfuta ta dogara a kansa. Shi bai ma iya fitar da haske ba. Tsarin giɓinsa a karkace yake: kafin elektiron ya faɗo ya saki foton, sai girgizar kiristal ɗin ta taimaka masa a daidai wannan lokacin, abin da ba kasafai ke faruwa ba. Kafin ya faru, makamashin ya riga ya zube ya zama zafi.

Matsaloli biyu ke nan, wasu masu bincike kuma suka tunkare su da tunani guda. Maimakon a tilasta wa sinadari ya haifi hasken da ba zai iya haifa ba, a kawo masa haske daga wata leza, shi kuwa ya sauya masa zango kawai.

Abin da Raman ya gani

Haske idan ya ratsa ruwa ko gilashi ko iska, kaɗan daga cikinsa yana warwatsewa ta ko'ina. Mafi yawan wannan warwatsattsen haske yana fita da launin da ya shigo da shi, kuma irin wannan warwatsuwa ce ta sa sararin sama ya zama shuɗi. A ranar 28 ga Fabrairun 1928, a Kalkata, C. V. Raman tare da K. S. Krishnan suka tabbatar da cewa akwai wani ɗan mitsitsin kaso da ke fita da launi dabam. A daidai wannan lokacin Grigory Landsberg da Leonid Mandelstam sun ga abu ɗaya a Mosko, a cikin kiristal. Adolf Smekal ya riga ya yi hasashensa a takarda tun 1923. Raman ne ya karɓi kyautar Nobel a 1930, sunansa kuma ya bi abin.

Ka ɗauka an jefa ƙwallo a kan fatar ganga. Ƙwallon zai dawo, amma ba da ƙarfin da ya je ba, domin wani ɓangare na ƙarfin ya shiga fatar ya sa ta kaɗa. Haka foton ke yi da kiristal. Yana shiga, ya tayar da girgiza a cikin jerin ƙwayoyin zarra, ya fita da ragowar makamashinsa. Foton mai ƙarancin makamashi kuwa shi ne foton mai dogon zango, wato ya matsa gaba cikin infirared. Muhimmin abin lura shi ne adadin da aka cire ba na kara-zube ba ne. Girgizar kiristal tana zuwa ne a ƙayyadajjen ma'auni, ana kiran ƙwayarta fonon, kuma kowane sinadari da nasa. Na silikon yana kaɗawa sau tiriliyan 15.6 a daƙiƙa, wato terahaz 15.6.

Lissafin yana da sauƙi, kuma ya cancanci a yi shi a fili. Haske mai zangon nanomita 1550 yana kaɗawa da terahaz 193.4. A cire 15.6, saura 177.8, wanda ya yi daidai da nanomita 1686. A sake cirewa, saura 162.2, wato nanomita 1848. Waɗannan lambobi biyu za su sake dawowa a gaba, domin su ne ainihin abin da na'urorin suka fitar.

Idan aka bar shi yadda yake, wannan al'amari rauni gare shi ƙwarai, foton ɗaya ne cikin miliyoyi ke sauya launi. Abin da ya canza labarin ya faru ne a 1962 a kamfanin Hughes a Kalifoniya, inda Theodore Maiman ya kunna leza ta farko shekaru biyu kafin nan. Eric Woodbury da Wee Ng suna aiki da lezar yaƙutu mai zangon nanomita 694, a cikinta akwai ruwan naitirobenzin da aka sa don sarrafa bugun haske. Sai suka ga wani haske mai ƙarfi yana fitowa a zangon da ya fi na yaƙutun tsawo, wanda babu wanda ya shirya masa. Gisela Eckhardt da abokan aikinta ne suka gano bakin zaren: warwatsuwar Raman ce, amma wadda ke ingiza kanta. Idan akwai foton masu sabon zangon a wurin, kasancewarsu tana ƙara yiwuwar foton na gaba ma ya sauya zuwa irinsu, ya bi hanyarsu, ya daidaita taku da su. Yawa yana jawo yawa. A sa madubi biyu a gefe da gefe don sabon hasken ya riƙa kai da komo, an sami leza.

A nan ne bambancin yake, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar duka. Leza ta yau da kullum tana buƙatar a tara elektiron a matakin sama fiye da na ƙasa, launinta kuma yana ɗaure da tazarar matakan. Lezar Raman ba ta tara kowa a sama. Makamashin yana ratsawa ne kai tsaye daga hasken da aka shigar, wanda ake kira famfo, zuwa sabon hasken. Saboda haka ba ta da launi nata na kanta, tazara kawai take da ita. Ka ba silikon haske a kowane zango da yake iya ratsa shi, zai mayar maka da shi an rage terahaz 15.6. Karkataccen giɓin nan da ya hana shi haskawa ba shi da ruwa a cikin wannan harka.

Daga kilomita zuwa santimita

Zaren gilashi ne ya fara cin moriyar wannan. Tun 1972 Roger Stolen da abokansa a ɗakin binciken Bell suka nuna shi, daga baya kuma ya zama hanyar ƙarfafa saƙonni a dogayen layukan sadarwa. Amma a gilashi ƙwayoyin zarra ba su da jeri, girgizarsu ta bazu a kan faffaɗan yanki mai ƙololuwa a wajen terahaz 13, ƙarfin kuma ya rarrabu. Don haka sai an yi amfani da zare mai tsawon ɗaruruwan mita ko kilomitoci. A kiristal mai tsari girgizar ta taru a wuri guda. Jun-ichi Nishizawa da Ken Suto a Sendai ta Japan sun nuna lezar Raman ta semikondakta tun 1980, da kiristal ɗin galiyam fosfaid. A silikon kuwa ƙarfin Raman ya ninka na gilashi sau dubbai. Ƙari a kan haka, silikon yana tanƙwara haske sosai, har ana iya sassaƙa masa siririyar magudana wadda faɗinta bai wuce maikiromita ɗaya ko biyu ba, a matse hasken a ciki. Wutar da ba ta taka kara ta karya ba idan aka cusa ta a irin wannan ƙunci sai ta zama mai tsanani. Haɗuwar waɗannan biyun ce ta mayar da kilomita ta koma santimita.

A takarda ke nan. A aikace akwai inda gizo ke saƙa, kuma labarin yadda aka warware shi ya fi komai koyarwa a wannan fanni.

Giɓin silikon ya kai elektiron-bolt 1.12, wato ma'aunin da ake auna makamashin elektiron da foton da shi. Foton na nanomita 1550 yana ɗauke da 0.8 kawai, don haka ba zai iya ɗaga elektiron ba, sai ya wuce salin-alin. Dalilin da ya sa silikon yake garau ga wannan haske ke nan. Amma idan hasken ya yi tsanani, foton biyu kan faɗa wa elektiron ɗaya a lokaci guda. Biyun sun haɗa 1.6, sun haye giɓin. An yi asarar foton biyu, wannan ma da sauƙi. Babbar ɓarnar ita ce elektiron ɗin da aka ɗaga da gurbin da ya bari suna nan suna yawo a cikin magudanar na tsawon gomman nanodaƙiƙa (nanodaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa), kuma muddin suna nan, suna shanye kowane haske da ya zo wucewa, na famfo da sabon duka. Ka ƙara ƙarfin famfo don ka sami riba, ka ƙara yawan masu shanye ribar. Masu bincike sun ga alamun ƙaruwar haske a silikon tun wajen 2003, amma asara tana biye da ita kafaɗa da kafaɗa.

Mafita ta farko ta fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. A 2004 Ozdal Boyraz da Bahram Jalali suka yi amfani da gajerun bugun haske na pikodaƙiƙa 30 (pikodaƙiƙa dubu ne nanodaƙiƙa ɗaya), masu tazara a tsakaninsu. Kafin elektiron su taru bugun ya wuce, kafin na gaba ya iso kuma sun lafa. Famfon yana nanomita 1540, sabon hasken ya fito a 1675. Leza ce, amma mai walƙiya, kuma zagayen da hasken ke yi ya haɗa da mitoci na zaren gilashi a wajen silikon ɗin.

Mafita ta biyu ta kamfanin Intel ce, ƙarƙashin Haisheng Rong da Mario Paniccia, aka wallafa ta a mujallar Nature a Fabrairun 2005. Tunaninsu irin na masu ƙera transista ne: tunda elektiron da gurabe ne matsalar, kuma suna ɗauke da caji, a share su da wutar lantarki. Suka dasa yanki mai rarar elektiron a gefe ɗaya na magudanar, mai rarar gurabe a ɗaya gefen, suka ba su bolt 25 ta juyayyiyar fuska. Duk elektiron da ya tashi, nan take filin lantarkin ya fizge shi waje, zamansa ya ragu zuwa kusan nanodaƙiƙa ɗaya. Magudana mai tsawon santimita 4.8, an lanƙwasa ta don ta shiga ɗan guntun silikon, ta karɓi 1550 ta fitar da 1686 ba yankewa. Bayan shekaru biyu suka rufe magudanar ta zama zobe, ƙarfin famfon da ake buƙata kafin ta tashi ya sauko zuwa miliwat 20. A 2008 suka bar sabon hasken ya yi ƙarfi a cikin zoben har shi ma ya zama famfo ga na bayansa, sai ga 1848 ya fito, daidai yadda lissafi ya nuna. Da waɗannan haskoki biyu suka auna layukan shan haske na metan da na tururin ruwa. Wannan gwaji ya fi burge ni a kan na 2005, domin a nan ne na'urar ta yi aikin da ya dace da halittarta.

Mafita ta uku ta bi ta wata hanya dabam. A 2013 Yasushi Takahashi na Jami'ar Lardin Osaka da Susumu Noda na Jami'ar Kyoto, tare da abokan aikinsu, suka huda siririn faifan silikon da jerin ƙananan ramuka masu tsari, suka bar wani ɗan wuri a tsakiya inda haske ke maƙalewa ya daɗe. Suka tsara wurin yadda zai riƙe zanguna biyu waɗanda tazararsu ta yi daidai da terahaz 15.6. Wurin da hasken ke maƙalewa bai kai maikiromita 10 ba, kuma na'urar tana tashi da famfon maikirowat ɗaya. A irin wannan ƙaramin ƙarfi, lezar kan riga asarar tashi, don haka ba a buƙaci sharar lantarki ba.

Akwai ta huɗu, wadda ita ce ta fi sauƙin faɗi. Idan zangon famfo ya wuce kusan maikiromita 2.2, ko foton biyu sun haɗu ba za su kai 1.12 ba, matsalar ta mutu tun daga tushe. A 2007 rukunin Jalali suka harba hasken maikiromita 2.88 cikin silikon suka ƙarfafa na 3.39, wanda ke cikin yankin da metan da danginsa ke sha. Wato silikon ya fi jin daɗin aikin Raman a daidai inda aka fi buƙatarsa.

Bashin famfo

Lokacin da labarin 2005 ya fita, an yi ta yayata shi da cewa an sami lezar silikon, kamar an kawo ƙarshen neman tushen haske ga ƙwaƙwalwar kwamfuta. Aikin kansa babba ne, amma wannan fassara ta wuce gona da iri. Lezar da sai wata leza ta haska ta ba ta maye gurbin waccan ba, ƙari ce a kanta. Masana'anta ma ta fahimci haka da wuri. A 2006 Intel ɗin tare da rukunin John Bowers na Jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara suka manna siririn indiyam fosfaid a kan magudanar silikon, ɗaya ya haifi haske da wutar lantarki, ɗaya ya yi masa jagora. Wannan hanya ce ta kai ga kayan da ake sayarwa ga cibiyoyin adana bayanai, ba ta Raman ba.

To ko akwai yadda za a shigar da famfon cikin gida? A cikin watan Fabrairun 2005 ɗin nan, mako guda bayan takardar Intel, mujallar Nature ta fitar da amsa daga Mariano Troccoli da Federico Capasso na Harvard, Alexey Belyanin na Jami'ar Texas A&M, da Deborah Sivco da Alfred Cho na ɗakin binciken Bell. Ba ta sami shelar da ta farkon ta samu ba, alhali a wajen zurfin tunani ba ta gaza ta ba.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane ta. A 1994 Jérôme Faist da Capasso da Cho da abokansu suka ƙera wata irin leza da ta kuɓuce wa giɓin sinadari ta hanyarta. Ana shimfiɗa sinadarai biyu bi da bi, kowane shafi kaurinsa nanomita kaɗan ne, da dabarar feshin ƙwayoyin zarra wadda Cho ya shahara da ita. Elektiron da aka tsare a cikin shafi mai wannan sirantaka ba ya iya ɗaukar kowane irin makamashi, sai wasu ƙayyadaddun matakai, kuma kaurin shafin ne ke tsara inda matakan za su kasance. Elektiron yana faɗowa daga mataki zuwa mataki ya saki foton, ya ratsa zuwa sashe na gaba ya sake faɗowa, haka har sau gommai. Ana kiranta lezar kwantam mai gangare. Ta farkon ta yi haske a maikiromita 4.2, kuma da sinadarai iri ɗaya ana iya samun 5 ko 8 ko 10, kauri kawai za a sauya.

Abin da Troccoli da abokansa suka yi shi ne, a cikin kowane sashe na wannan gangare suka ƙara wasu shafuka masu matakai uku. Sashen farko yana haifar da haske na maikiromita 6.7 da wutar lantarki. Sashen da ke maƙwabtaka da shi yana karɓar wannan haske ya warwatsa shi zuwa maikiromita 9. Amma a nan abin da ke karɓar rarar makamashin ba girgizar kiristal ba ce, elektiron ne da ke tsallakawa tsakanin matakai biyu da mutum ya zana da hannunsa. Ma'ana, tazarar Raman da a da take gadon sinadari, 15.6 ga silikon ko ana so ko ba a so, ta koma abin da mai ƙira ke zaɓa.

Akwai kuma wata riba. Warwatsuwar Raman tana ƙaruwa ninki-ba-ninki idan makamashin famfo ya kusanci wani mataki na gaske a cikin sinadarin. Kowa ya san haka, amma kowa yana gudunsa, saboda kusa da matakin sinadarin yana shanye famfon tun daga bakin ƙofa, ba ya isa ciki. Idan kuwa ana haifar famfon a kowane taku na tsawon na'urar, abin da aka shanye ana mayar da shi nan take. Da haka suka iya matsawa dab da matakin, suka sami kusan kashi 30 cikin ɗari na hasken famfo ya koma sabon zango, a cikin guntun da wayoyin lantarki biyu kawai ke shiga.

Mai karatu zai iya tambaya, kuma da gaskiyarsa: tunda lezar gangare tana iya ba da maikiromita 9 kai tsaye, mene ne amfanin zagaye? Idan 9 ɗin kawai ake nema, babu. Tun 2002 aka sami lezar gangare mai aiki ba yankewa a zafin ɗaki a wajen wannan zango. Darajar aikin tana ga abin da ya tabbatar: ana iya gina mai sauya haske a cikin cikin mai haifar haske, su yi aiki tare da wuta ɗaya. A 2007 da 2008, Mikhail Belkin da Capasso suka bi wannan tafarki da wata dabara 'yar'uwar Raman, inda haskoki biyu na infirared ke gauraya a cikin leza ɗaya su haifi bambancinsu. Da ita suka fitar da hasken terahaz, wanda ke can ƙarshen infirared, a zafin ɗaki, yankin da lezar gangare ta kai tsaye take buƙatar sanyi kafin ta shiga.

Abin da ake biya

Kowane foton da ya sauya zango ya bar wani abu a baya, kuma abin nan zafi yake zama. Daga 1550 zuwa 1686 kusan kashi 8 cikin ɗari ne, zuwa 1848 kusan kashi 16. Babu dabarar da za ta kawar da wannan, domin shi ne tushen aikin. Mai son tafiya daga 1550 zuwa maikiromita 3 da silikon zai buƙaci tsalle shida ko fiye, kuma ko da babu wata asara, rabin makamashin ya tafi. Wannan ne ya sa ake kallon lu'ulu'u. Tazararsa ta kai terahaz 40, fiye da ninki biyu da rabi na silikon, giɓinsa ya kai elektiron-bolt 5.5 har foton biyu na infirared ba sa ko kusantarsa, kuma ba a san wani dunƙulallen abu da ya fi shi kwashe zafi ba. A 2015 rukunin Marko Lončar a Harvard suka sassaƙa ƙananan zobba na lu'ulu'u a kan guntu, suka mayar da hasken maikiromita 1.6 zuwa kusan 2. Wahalarsa ita ce sassaƙa, kuma babu masana'antar da ta ƙware a kansa kamar yadda aka ƙware a kan silikon.

Tsarin kiristal da ya ba silikon ƙarfi shi ne kuma ya ƙuntata shi. Faɗin yankin da ribar ke samuwa kusan gigahaz 100 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin goma na terahaz, alhali na gilashi terahaz da yawa ne. Don haka dole zangon famfo da girman zobe su dace da juna ƙwarai, kuma ɗan sauyin zafi yana iya gusar da su. A na'urar Japan ɗin, kuskuren nanomita kaɗan a girman ramuka ya isa ya ɓata daidaiton.

Sannan ga masu gogayya, waɗanda ba su zauna jira ba. Lezojin galiyam antimonaid sun mamaye tsakanin maikiromita 2 da 3. Wata 'yar'uwar lezar gangare, wadda Rui Yang ya kawo tunaninta a tsakiyar shekarun 1990, ta riƙe daga 3 zuwa 6 da ƙaramar wuta. Irinta ce, mai zangon maikiromita 3.27, ke cikin motar Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a 2012 tana neman metan. Duk inda leza ta kai tsaye ta isa da inganci, da wuya mai zagaye ya kayar da ita. Gurbin da ya rage wa Raman shi ne inda ake son zango na musamman wanda babu sinadarin da ya faɗa kansa daidai, ko inda ake son haske mai tsafta fiye da na famfon da aka fara da shi, ko inda ake son zanguna da yawa daga tushe ɗaya a kan guntun da masana'antar silikon za ta iya bugawa da yawa.

Kafin a kai can a tsakiyar infirared, akwai aiki biyu a ƙasa. Na farko shi ne shimfiɗar da magudanar ke kwance a kai. Silikon kansa yana barin haske ya wuce har kusan maikiromita 8, amma gilashin silikon dayokzaid da ke ƙarƙashinsa yana fara sha tun kafin a kai 4. Ana gwada ɗora silikon a kan safaya, ko a rarake ƙarƙashinsa a bar magudanar a rataye, ko a koma ga jamaniyam wanda ya fi shi nisan zango. Na biyu shi ne famfon da ya wuce maikiromita 2.2, mai isasshen ƙarfi da tsafta, wanda za a manna a kan guntun da irin dabarar da aka manna indiyam fosfaid a 2006.